Kira ga Hukuma: A Buɗe wa 'Ya'yan Mayahi Ɗakin Shirin Jarrabawar Ingilishi

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi da Mai Girma Ministan Ilimin Ƙasa, ta hannun Mai Girma Gwamnan Jahar Maraɗi da Prefen Mayahi, tare da sanin Mai Martaba Sarkin Mayahi.

 

Ranku ya daɗe, ni malamin makaranta ne a gundumar Mayahi, Ingilishi nake koyarwa, kuma na daɗe a kan aikin har ƙurar alli ta gauraya da furfurata. Na ce Ingilishi ban ce Turanci ba, domin a wajenmu nan idan ka ce Turanci, dattijo zai ɗauka Faransanci kake nufi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu jarrabawowi guda biyu, IELTS da TOEFL, waɗanda yawancin iyayen ɗalibanmu ba su taɓa jin sunansu ba, amma su ne ke tare 'ya'yansu a bakin ƙofa bayan sun sha wahalar karatu ta shekara goma sha shida.

Bari in fara da wata yarinya da na koyar. Daga wani ƙauye ta fito a bakin Gulbin Kaba, inda mata ke saƙar tabarma da igiya da kabar da kwarin ya yi suna da ita. Ta ci brebe, ta ci bak, ta tafi Maraɗi ta yi lisans a fannin noma. Wata jami'a a ƙasar waje ta karɓe ta karatun masta, da alkawarin ɗauke mata kuɗin makaranta, sai dai da sharaɗi ɗaya: ta kawo maki 6.5 a IELTS. Mahaifinta ya sayar da waken da ya ɓoye yana jiran tsada, kawunta ya ƙara da tunkiya. Ta hau mota daga Mayahi zuwa Cadawa, daga can Maraɗi, ta ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, ta ratsa Katsina ta sauka Kano gidan wata gwaggonta. Da sakamako ya fito, ta samu 7 a karatu. A sauraro kuwa 5, a magana ma 5. Da aka haɗa aka raba, ba ta kai ba.

Da ta dawo ta zo gaishe ni, ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai shi ne: "Mushe, da suka sa muryar, kafin in gane inda maganar ta fara har an wuce tambaya uku." Na rasa amsar da zan ba ta, don na san shekara bakwai ta yi tana karatun Ingilishi, daga ajin farko na kwalej har ajin ƙarshe na lise, kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa jin harshen daga bakin kowa ba sai namu, mu malamanta. Mu kuwa a hankali muke furta shi, kalma bayan kalma, muna rubutawa a allo, in an ƙi ganewa mu fassara da Faransanci, in ta ƙi mu koma Hausa. Ba na ɗora laifin a kan kowa kafin in ɗora shi a kaina.

Ku yi mani haƙuri in ɗan bayyana yadda jarrabawar take, ko da yake na san akwai masana a ofisoshinku da suka fi ni saninta. IELTS an fara ta a 1989, British Council da IDP ta Ostireliya da Cambridge ne ke da ita. Awa biyu da minti 45 take ɗauka. Ana sa wa ɗalibi muryoyi na kimanin minti 30, sau ɗaya tak, ba maimaici, ya amsa tambaya 40. Sai karatu: dogayen nassoshi uku, tambaya 40, minti 60. Sai rubutu na minti 60, inda zai bayyana wani zane ko jadawalin alƙaluma da kalmomi aƙalla 150, sannan ya rubuta muƙala ta kalmomi aƙalla 250. Daga ƙarshe ya zauna gaba da gaba da mai jarrabawa su yi hira ta minti 11 zuwa 14. Maki mafi girma 9 ne, jami'o'i da yawa kuwa 6 ko 6.5 suke nema. TOEFL ta girme ta, tun 1964 ake yin ta, hukumar ETS ta Amurka ke shirya ta, ita kuma a gaban kwamfuta ake yi, da abin sauraro a kunne da makirufo a baki. Dukkansu biyu shekara biyu kacal sakamakonsu ke aiki. Wanda ya ci bai samu gurbi ba cikin shekara biyun, sai ya sake biya ya sake zama.

Wato abu huɗu ake aunawa, kuma da agogo a gaba. Mu a aji ɗaya da rabi muke koyarwa: karatu, da ɗan abin da ya samu na rubutu. Ajin da ke da yara saba'in ko fiye, littafi ɗaya a gaban mutum uku ko huɗu, ba rediyo, ba lasifika, yaushe kowane yaro zai samu ko minti ɗaya na buɗe baki a mako? Abin da ya fi sauƙi shi ne nahawu. Don haka muke yaye ɗalibai da za su jero maka sauye-sauyen fi'ili kamar karatun allo, amma in baƙo ya tambaye su hanyar kasuwa sai su yi murmushi.

Akwai wasu abubuwa kuma da ba a littafi suke ba, sai wanda ya zauna da yaran zai gan su. A sashe na biyu na hirar IELTS ana miƙa wa ɗalibi kati ɗauke da batu, a ba shi minti ɗaya ya yi tunani, sannan ya yi magana shi kaɗai har kusan minti biyu. To mu yaranmu da me muka tarbiyyantar da su? Kada ka kalli babba a ido, kada ka ja magana a gabansa, in an tambaye ka ka amsa a gajarce. Tarbiyya ce mai kyau, ba na son ta gushe. Amma yarinyar da ta zauna gaban dattijon mai jarrabawa ta sunkuyar da kai, ta amsa da kalma biyu ta yi shiru, a gida sai a ce tana da kunya, a takardar mai jarrabawa kuwa an rubuta ba ta da harshen. Ranar da na fara gwada wannan a aji, na ajiye wayata a kan tebur tana ƙirga daƙiƙoƙi, yaron da ya fi kowa ƙoƙari ya tsaya a daƙiƙa 25, ya dube ni ya ce ya gama. Bayan mako shida muna yi kullum, sai da na riƙa katse shi. Ashe tun farko yana da harshen, ba a taɓa ba shi filin da zai yi magana ba ne.

Rubutun ma haka. A lise an koya masu muƙala irin ta Faransawa: doguwar shimfiɗa, a kawo hujjar wannan ɓangare, a kawo ta wancan, sai can ƙarshe marubuci ya leƙo da ra'ayinsa. Mai gyaran jarrabawar Ingilishi kuwa yana son ya gane matsayinka ba tare da laluɓe ba, ya ga misalan da ka tsayar da shi a kansu. Minti 40 ne ake so a ba muƙalar, ɗalibinmu sai ya cinye rabinsu a gabatarwa. Sannan ga wata 'yar matsala da ke ba mutane dariya in na faɗa: allon bugun kwamfuta. Wanda muke da shi a Nijar na tsarin Faransa ne, AZERTY, jarrabawar TOEFL kuwa a kan QWERTY ake yin ta. Yatsa ya je inda ya saba samun A sai ya buga Q, ya nemi M ya tarar ta sauka layin ƙasa. Wannan ga wanda ya taɓa bugu ke nan. Da yawa cikin ɗalibanmu babban yatsa kawai suka sani, a kan waya.

Kada a ɗauka ba mu da abin da muka fi wasu. Ɗan Nijar yana shiga wannan jarrabawa da wata dukiya a aljihu bai sani ba, domin kalmomin ilimi na Ingilishi da yawa daga Faransanci da Latin suka fito, shi ya sa ɗalibar nan ta samu 7 a karatu ba tare da wani shiri ba. Sai dai a koya masa inda kamannin ke yaudara, kamar kalmar da a Faransanci ke nufin kantin sayar da littattafai, 'yar'uwarta a Ingilishi kuwa ɗakin karatu take nufi. Ga shi kuma muna maƙwabtaka da Najeriya. Babu ƙauyen da za ka shiga tsakanin Kanambakashe da Sarkin Hausa, ko can wajen Tasawa da Korgom, ka rasa wanda ya yi cin rani a Kano ko Legas ya dawo da ɗan buroka a baki. Burokan ba zai ci jarrabawa ba, amma yana cire tsoron harshen, kuma tsoron shi ne rabin ciwon.

Ranku ya daɗe, abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto wannan takarda shi ne dokar da ku da kanku kuka kafa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Mun yi murna, mu masu Hausa a gida da Ingilishi a wurin aiki mun yi murna sau biyu. To amma harshen aiki sai da ma'aikatan da suka iya shi, kuma duniya ba ta karɓar "na iya" da baki, takarda take nema. Idan shirin samun takardar ya tsaya a Yamai, mai nisan sama da kilomita 600 daga Maraɗi, to 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su zama ma'aikatan sabon harshen aikin. Gundumar Mayahi kuwa ta haura mutum rabin miliyan tun a ƙidayar 2012, Tasawa ma haka.

Na san za a ce: yanzu da muke ƙoƙarin tsayawa da ƙafafunmu, don me za mu shirya yaranmu su tafi ƙasashen wasu? Tambaya ce mai nauyi, amsata kuma a gona take. Buhun nan mai ruɓi uku da manomanmu ke adana wake a ciki ba tare da magani ba, PICS, Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi tare da masu bincike na Afirka, cikinsu har da na cibiyar binciken noma ta INRAN a nan Maraɗi. Sassaben zamani, wato barin kututture ya sake tohowa a gona, wanda ya mayar da miliyoyin itatuwa ƙasar Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1980, yau ana koyar da shi a ƙasashe da dama, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kansa da Ingilishi aka rubuta. Manomanmu ne suka yi aikin, amma in za a ba da labarinsa a taron masana, sau da yawa wani ne ke tashi ya bayar a madadinsu. Ɗan Mayahi da ya tashi yana ganin gawo a gonar ubansa ya fi kowa cancantar tsayawa a wurin.

Kuma ba Amurka da Ingila kaɗai ake nufi ba, waɗanda ƙofarsu ma sai ƙara ƙunci take yi. Ga cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano, tafiyar yini ɗaya daga nan. Ga cibiyar WACCI ta Jami'ar Gana a Legon, mai horar da masu inganta irin shuka tun 2007. Ga Indiya da Malesiya da Turkiyya da Sin, inda ake koyar da fannoni da yawa na likitanci da injiniyanci da Ingilishi. Wasunsu suna neman takardar jarrabawar, wasu ba sa nema, amma ko ina ɗalibi zai zauna a aji ya saurari malami mai saurin magana, ya karanta shafi hamsin a dare ɗaya, ya tashi ya kare aikinsa da baki. Shirin jarrabawar shi ne shirin wannan zaman, ko an karɓi takarda ko ba a karɓa ba.

Ban manta ba kuma cewa akwai buƙatun da suka fi wannan gaggawa. Har yanzu muna da azuzuwan zana, kuma babu malamin jahar nan da ya manta gobarar watan Nuwamba 2021 a Maraɗi, wadda ta ci rayukan ƙananan yara fiye da 20 a irin waɗannan azuzuwa. Allah ya jiƙansu. Ba na roƙon a ɗauke ko dala ɗaya daga ginin aji. Abin da nake roƙo ƙarami ne in aka auna shi da wancan.

Ɗaki ɗaya nake roƙo a garin Mayahi, cikin harabar lise ko wani ginin hukuma da ke zaune ba aiki. A sa masa faranti mai ɗaukar hasken rana da batir, domin duk mun ga yadda muka kasance lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta 2023, kuma ko a kwanakin lafiya wutar ba ta da alkawari. A zuba kwamfutoci goma sha biyar ko ashirin, ko da tsofaffi ne, da allon bugu na QWERTY da abin sauraro na kunne. Intanet in ya samu madalla, in bai samu kullum ba, darussan sauraro ana iya sauke su sau ɗaya a adana. Sai dai ya zamana akwai mai lura da sabuntawa, don TOEFL ta sauya fasali a 2023, ta kuma sake sauyawa a Janairun 2026 har da sabon ma'aunin maki na 1 zuwa 6. Tsohon littafin da wani ya gada daga yayansa yana iya kai ɗalibi ga shirin jarrabawar da ba a yi yanzu. Irin wannan ɗaki ɗaya a Tasawa zai ɗauke wa na Mayahi cunkoso, amma ko da ɗaya aka fara mun gode.

Ɗaki ba malami kango ne, don haka roƙona na biyu ya fi na farko nauyi. Yawancinmu masu koyar da Ingilishi ba mu taɓa zama wannan jarrabawa ba, wasunmu ba su taɓa ganin takardarta ba. Da yawa 'yan kwantiragi ne, kuɗin zama ɗaya nauyi ne babba a kansu. A zaɓo malami biyu ko uku daga kowace gunduma, a tara su a Maraɗi na makonni kaɗan a lokacin hutu, a kawo masu horarwa daga sashen Ingilishi na Jami'ar Abdu Mumuni, sannan hukuma ta biya masu su zauna jarrabawar da kansu. Wanda bai taɓa jin zafin agogon nan a jikinsa ba ba zai iya koya wa yaro yadda ake raba minti 60 ga nassoshi uku ba. Matasan da suka gama digiri a Ingilishi suke aikin bautar ƙasa, maimakon a tara su a ofisoshin Yamai suna jiran tashi, a turo mana ko biyu su riƙe ɗakin da yamma. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan a turo malamin Ingilishi karkara: 'yan sa-kai na Peace Corps sun zauna a Nijar daga 1962 har 2011, na farkonsu kuma Ingilishi suka zo koyarwa. Abin da baƙi suka yi mana, 'ya'yanmu za su iya.

Rediyon karkara kuwa rabin awa kawai nake so a ba mu, sau biyu a mako bayan isha'i, don 'yan kwalej na ƙauyuka su saba da jin harshen tun kunnensu bai taurare ba.

Sai maganar wurin zaman jarrabawar. Maraɗi tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana kuma da Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013, wadda ke koyarwa da Ingilishi. Garin da ke da waɗannan bai kamata 'ya'yansa su riƙa ƙetare iyaka da fasfo da canjin naira don zaman awa uku ba. Masu jarrabawar suna da ƙa'idojin da suke ba cibiya izini a kansu, na tsaro da na kayan aiki. Takardar malamin ƙauye ba za ta motsa su ba, amma takardar Ma'aikata za ta samu amsa. Ina roƙon a nemi izinin, ko da sau biyu ko uku ne a shekara za a riƙa zama.

Kuɗin jarrabawar kansa ya haura jika 100 na sefa a zama ɗaya, ban da mota da masauki, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Ba na cewa a biya wa kowa. Hukumar ANAB mai kula da tallafin ɗalibai tana iya ware wani ɗan kaso ga wanda ya riga ya samu takardar karɓa daga jami'a, ya kuma ci jarrabawar gwaji a ɗakin shiri, don kada a zuba kuɗi a kan wanda bai nuna ba. A ɗaura masa sharaɗi a rubuce: in ya gama ya dawo ya yi wa jaharsa aiki na wasu shekaru. A kuma kula da 'yan mata musamman, domin namiji yana iya kwana a tasha, amma uba ba zai bar 'yarsa ta tafi garin da ba ta da kowa ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Akwai abin da ke sa ni gaggawa. Inda hukuma ta bar gurbi, 'yan damfara ke cikewa. A WhatsApp da Facebook ana ta tallan takardar IELTS "ba sai ka zauna ba", a turo kuɗi kawai. Jami'o'i suna tantance sakamako kai tsaye daga wurin masu jarrabawar, don haka takardar jabu ba ta wuce teburin farko, wanda aka kama kuwa ya ɓata sunansa da na waɗanda za su biyo bayansa daga ƙasar nan. Na san gidan da aka yi asarar kuɗin bijimi ta wannan hanya, kuma kunya ta hana su kai ƙara.

Allah ya ja zamanin Sarki, a nan muke neman bakinka. Attajiran ƙasar nan da ke Maraɗi da Yamai da Kano, masu gina masallatai da haƙa rijiyoyi, in ka kira su ka ce ga ɗaki yana neman kwamfuta, ba za su watsa maka ƙasa a ido ba. Iyaye kuma in sun ji daga fada cewa ajin yamma ba yawon banza ba ne, za su saki 'ya'yansu mata su zo.

Mu malamai mun riga mun tattauna a tsakaninmu. Babban hutu yana faɗawa cikin damina, lokacin da kowane yaro ke gona, don haka muna ganin a fara bayan an kai gero rumbu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yamma uku a mako, mako goma sha biyu. Mun yarda mu riƙe zangon farko ba tare da ƙarin ko dala ba. Ɗalibar da na ba ku labarinta tana nan, tana aikin wucin gadi, ta ce in an buɗe ɗakin ita za ta fara zuwa, kuma za ta taya mu da 'yan aji na ƙasa. Lissafin kayan da ake buƙata yana hannuna a rubuce, duk ranar da Mai Girma Prefe ya ba mu lokaci za mu kawo shi.

 

Naku mai biyayya,
Wani malamin Ingilishi a gundumar Mayahi.